Layin da Ya Bi ta Gefen Mashi

Innarmu ba ta kiran sunan yayana. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. In maganarsa ta kama sai ta ce "yayanku", in kuma ranta a ɓace yake ta ce "wancan". Ba ta zama inda yake zaune, ba ta haɗa ido da shi, ko abinci ta zuba masa ni take miƙa wa kwanon in kai. Tun ina ƙarama na lura tsokar da ta fi girma kullum a ƙarƙashin miyarsa take ɓuya. Shi bai sani ba, don bai taɓa leƙa kwanonmu ba.

Ana yaye shi aka kai shi Mashi wurin kakarmu, wadda ta haifi Inna, kuma a can ya yi wayo. Bai dawo Daura da zama ba sai da zai shiga sakandare. Ya san al'adar sarai, ba wanda ya taso a nan bai san ta ba, amma saninta bai hana ta yi masa ciwo ba. In Inna tana ƙwala mini kira daga ɗaka sai ya yi dariya ya ce, "Je ki, mai uwa." Da sunan wasa yake faɗa, ni dai na san ba duka ne wasa ba.

Ni malamar labarin ƙasa ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Daura. Gidan mijina ba shi da nisa da gidanmu, saboda haka in na taso daga makaranta nakan biya in gaida Inna. Mutane sun ce ina da baki, kuma ban musa ba. Abin da ke raina ba ya kwana a ciki. Inna kan ce ba ta san inda na ɗauko wannan hali ba, ni kuma in ce ai dole wani ya yi magana a gidan tunda ita ta ƙi.

Yaya birkila ne, kuma hannunsa na da kyau. Da siminti ya yi tsada gine-gine suka tsaya ko'ina, ya yi ta zaman jiran aiki, ga mata ga 'ya'ya. Ana haka wasu abokansa suka zo da labarin wai a Aljeriya ana neman masu gini. Ranar da zai tafi ya zo sallama, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Inna, ita tana ciki tana tsintar wake a faifai. Ya yi bayaninsa kaf, ya nemi gafara, ya nemi addu'a. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya," kamar da waken take magana. Ya ɗan dakata ko akwai ƙari, bai ji komai ba, ya tashi ya karkaɗe gwiwa ya fita. Da na shiga ɗakin da niyyar yi mata ƙorafi, sai na tarar wake take jefarwa, tana barin tsakuwa a faifan.

Ya fita ta Kwangwalam, ya wuce Damagaram, ya yada zango a Agadas yana jiran mota. A lokacin ne 'ya'yansa suka ishe ni da tambayar ina babansu yake. Ina da ƙwallon taswirar duniya, irin mai juyawa a kan ƙafa, wanda na saya tun ina kwaleji. Na ɗauko shi na kawo gidanmu, muka zauna da yaran a tsakar gida. Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce me zan yi da wannan duman, kuma tun daga ranar sunansa ya koma duma.

Na nuna musu ƙasarmu, na ɗiga musu Daura da biro tunda masu taswirar ba su ga damar sa ta ba. Sannan na nuna musu layukan da suka sauko daga kan duman zuwa gindinsa, kamar na jikin kabewa. Waɗanda aka buga ba su biyo ta wajenmu ba, sai na ja namu da kaina, layin digiri takwas gabas. Na ce su duba, ga shi ya bi ta gefen Mashi, ya miƙe sak bai karkace ba har Agadas inda babansu yake.

Jin an ambaci Mashi, Inna ta tsoma baki. Ta ce a can aka haife ta, a can ta yi tallan fura, babu lungun da ba ta sani ba, kuma ba ta taɓa yin tuntuɓe da wani layi ba. Ta ce mu 'yan boko ƙaryarmu ta yi yawa. Na ce layi ne na lissafi, ba a ganinsa a ƙasa, amma yana da aiki. Duk waɗanda ke kansa lokaci guda rana take yi musu tsaka. In ta tsaya a kan Mashi ta tsaya a kan Agadas, in ta karkata nan ta karkata can. Azahar ɗinmu ɗaya ce da ta duk wanda ke kan layin. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Da zan tafi na kai hannu zan ɗauki duman, sai ta ce in bar shi, yara sa yi wasa da shi.

Inna ba ta duba agogo. Inuwar katangar madafa ce agogonta, in ta ja ta taɓa gindin turmi, to Azahar ta yi, kuma sau da yawa takan riga ladan. Washegari da na biyo na tarar da ita tsaye tana kallon inuwar. Ba ta amsa gaisuwata ba sai da ta tambaye ni, jiya me na ce ma game da rana. Na maimaita mata. Ta ce ko da mutum ya wuce Agadas? Na ce in dai arewa ya miƙe, ko ina ya kai. Ta ce to, ta ɗauki buta.

Daga nan Inna ta zama ɗalibata, kuma ban taɓa koyar da mai taurin kai irinta ba. Ba ta yarda duniya a dunƙule take ba, ta ce da haka ne da ruwan randa ya zube. Amma layin ta yarda da shi. Duk lokacin da Yaya ya kira ni ya ce ya matsa gaba, sai ta bari na gama ba matarsa labari, can ta ce in ɗauko duman mu ga ƙaryar yau. In nuna mata inda hamada ta fara, in nuna inda Nijar ta ƙare Aljeriya ta karɓa. Sai tambayoyi su biyo baya. Mutanen can suna cin tuwo? Ruwansu na rijiya ne? Masu aikin gini a can, ana barinsu su shiga inuwa in rana ta take?

Wannan kewaye-kewaye ya riƙa cin raina. Wata rana na ce, "Inna, don Allah ki ce yana lafiya, kawai a wuce wurin." Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Wa? Ni ƙasa nake tambaya."

In ya kira ina gidan, tana jin muryarsa za ta tashi wai za ta ba awaki dusa. Turken awakin kuwa a bayan tabarmar da nake zaune yake. In ya ce a gaida Inna, daga can za ta ce tana amsawa, ba ta ƙara ko kalma. Shi abin da yake ji ke nan, murya daga nesa da kukan akuya. Ba ya ganin ta tsaya cak da kwano a hannu, awaki na ta miƙa wuya ba ta zuba musu ba.

Wata Asabar ta sa na bi mata layin tun daga farko har ƙarshe. Muka yi kudu tukuna: ya ratsa ƙasar Kano ta yamma, ya shiga ta Kaduna, ya ƙetare kogin Binuwai, ya bi ta ƙasashen da ake kawo mana manja, sai ya faɗa teku. Daga nan ruwa ne zalla, ruwa, ruwa, har gindin duniya inda babu kowa sai ƙanƙara. Ta ce wannan ɓangaren ba ruwanta da shi, mu koma sama. Muka dawo Mashi, muka wuce Agadas, muka shiga rairayin Aljeriya, layin ya ɗan leƙa Tunisiya ya komo, ya kai bakin Bahar Rum. Bayan ruwan sai Italiya, sai Suwizalan mai duwatsu, sai Jamus, sai wani tekun, sai Norwe, sai kuma ƙanƙara. Na gaya mata can sama akwai watannin da rana ba ta faɗuwa sam. Ta riƙe baki ta ce to su yaushe suke shan ruwa da azumi, Allah Ya raba mu da wahala. Sannan ta juya duman a hankali ta ce ashe ruwa ne gaba, ruwa ne baya, mu ne a tsakiya ba mu sani ba.

Da azumi ya zo har rigima muka yi. Lokacin Yaya ya kai arewacin Aljeriya, ya samu aiki a wani gari na bakin teku. Ya kira bayan mun sha ruwa, ya ce su har yanzu rana na sama. Yana kashewa Inna ta taso mini, wai na yaudare ta, ba ni na ce ranarmu ɗaya ba? Na yi ta bayani cewa tsakar ranar ce kawai ɗaya, fitowa da faɗuwa kowa da nasa, a wannan lokaci na shekara yininsu ya fi namu tsawo. Ta ce wato ya fi mu daɗewa da ƙishirwa, yana kuma ɗaukar bulo. Ban taɓa jin ta matso kusa da maganarsa haka ba. Tun daga ranar in an kira Magariba sai ta ci dabino ta kurɓi ruwa, ta rufe kunu da ƙosanta ta ajiye, ba ta taɓa su sai can an jima. In matar Yaya ta yi magana ta ce cikinta ne bai buɗe ba. Tsohuwa ce, ga hawan jini, abin ya ba ni haushi ya kuma ba ni tausayi, na rasa wanda zan bi.

Nakan zo wani lokaci bayan Azahar in same ta a kan sallaya da duman a cinya. Tana ganina za ta kama goge shi da gefen zane, ta ce yaran nan sun ɓata shi da maiƙo.

Haka muka ci shekara da wani abu. Ran nan ina ɗakin malamai lokacin hutun tara, sai ga kiran Yaya. Ya ce in fita inda ba kowa. Ya ce aiki ya ja baya, ana ta kamen baƙi, kullum a ɓoye suke kwana. Ya ce ba zai dawo Daura hannu biyu ba, ya riga ya ba da sunansa, akwai kwalekwalen da zai tsallaka da su Italiya da zarar ruwa ya kwanta, cikin 'yan kwanakin nan. Kada in gaya wa matarsa.

Ni da nake koyar da tekun nan a aji, na san abin da yake yi wa irin waɗannan jirage. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na kira shi mara tunani, na tuna masa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Ya bar ni na gama. Sai ya tambaye ni ko tun tafiyarsa Inna ta taɓa tambayarsa. Na ce kullum tana tambayar ƙasar da yake. Ya yi irin dariyar nan tasa ya ce, "Ƙasa take tambaya, Malama, ba ni ba. In na tsallaka, to. In ban tsallaka ba, sadakar uku ce a watse."

Ban iya shiga aji na gaba ba. Na hau babur sai gida. Na tarar da Inna a madafa tana kaɗa miya, na zazzage mata komai a tsaye ko zama ban yi ba. Na ce ni na yi iyakar yina, ba ya jin maganata, ba zai ji ta matarsa ba, mutum ɗaya ce tak zai ji, ita kuma ta kulle bakinta da kunya. Na ce kunyar nan ba aya ba ce, ba hadisi ba ce, in ruwa ya ci shi sai ta yi ta kunyar da hujja. Wallahi na faɗa, kuma da ƙarfi na faɗa. Ta sauke tukunya, ta rufe, ta wanke hannu. Ta ce in na gama in ɗauko duman.

Ta sa yatsa a kan ruwan da ke tsakanin Aljeriya da Italiya, yatsa ɗaya ya rufe shi. Ta ce ɗan wannan ne? Na ce a nan ne yake ɗan wannan, a can in mutum ya shiga tsakiyarsa ba ya ganin komai sai sama da ruwa, kuma jirgin na roba ne, ana cika shi har ya fi ƙarfinsa. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "A ƙasa in mutum ya faɗi, akwai inda za a nuna a ce nan ne." Na jira har na gaji, na tafi gida ina kuka ina masifa ni kaɗai a hanya.

Washegari ban je makaranta ba, tun da hantsi ina gidan. Na tarar ta yi wanka ta ɗaura zanenta na zuwa suna, ta yafa mayafi, tana zaune a tsakar gida kamar mai jiran surukai. Na fito da waya, ta ɗaga mini hannu in dakata. Ta ce yanzu yana kan gini, ba a kiran mutum yana kan tsani. Muka zauna muna kallon inuwar katanga tana jan jiki, ni kamar in tashi in tura ta da ƙafa. Matar Yaya ta leƙo, ta ga yanayinmu, ta kwashe yara ta shige ɗaki. Da inuwar ta taɓa gindin turmi Inna ta ce, "Yanzu ya sauko zai yi alwala. Kira."

Na kira, ya ɗauka, na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta fuskanci bango. Ina jin muryarsa yana cewa in faɗa ne na dawo yi in bari, ya gaji. Ya ce Malama, kina ji na? Sai ta kira sunansa. Ba laƙabin da muke kiransa da shi ba, sunansa na yanka, wanda aka raɗa masa. A hankali ya fito, don bakin bai saba da shi ba. Daga can ɓangaren ana jin iska da hon ɗin mota. Da ƙyar ya ce, "Na'am, Inna."

Ta ce, "Kowace Azahar ina bayanka. Na bi ka Agadas, na bi ka cikin rairayi, na bi ka har bakin ruwa. Ban iya ruwa ba. Ka juyo."

Ta miƙo mini wayar ba ta dube ni ba, ta shiga ɗaki ta saki labule, na ji ta tayar da sallah. Na kara wayar a kunne. Babban mutum, uban 'ya'ya, yana kuka kamar an yaye shi a ranar. Ni mai baki, abin da kawai na ce shi ne ya je ya yi sallah kada lokaci ya wuce.

Bai shiga jirgin ba. Abin da ya sami waɗanda suka shiga ban sani ba, ban tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Dawowar ta ɗauke shi watanni, daga wannan mota zuwa waccan, ya sake ratso hamadar da ya ratsa. Ya iso wata rana gab da Azahar bayan an gama girbi, ya rame ya yi baƙi, da jaka ɗaya a kafaɗa. Yara suka rufe shi. Da ya samu ya zare jikinsa ya je ya durƙusa a bakin ƙofar Inna ya yi sallama. Tana ciki. Ta amsa sallamar, sannan ta ɗaga murya ta kira ni ta ce, "Ki ba yayanku ruwa."

Na buɗe baki zan yi magana, don a ganina bayan abin da ya wuce ai an gama da wannan. Yaya ya girgiza mini kai yana murmushi. Har yau ba ta sake kiran sunan ba, kuma bai sake ce mini mai uwa ba.

Da na dawo da ruwan na same shi tsaye a rumfa, ya ɗauko duman daga kan akwati yana juyawa. Ni da nake ganinsa kullum ban lura ba sai da na gan shi a hannunsa. Layin da na ja da biro yana nan raɗau daga Italiya zuwa sama, yana nan daga Kano zuwa ƙasa. Amma daga Mashi zuwa bakin teku babu biro, babu ma fenti, wata farar hanya ce mai faɗin yatsa ta goge har takardar ciki ta fito. A daidai inda shuɗin ruwa ya fara ta tsaya. Ya tambaya wa ya ɓata wa Malama kayan aikinta haka. Daga ɗaka Inna ta ce yara ne, ba sa jin magana.

Ya ɗora yatsansa a kan Mashi, ya bi hanyar a hankali har inda ta tsaya. Ruwan yana hannuna bai karɓa ba, har inuwar katanga ta taɓa turmi, muka ji Inna ta ɗauki buta.